Baƙo Ba Ya Kafa Allo: Tarihin Mahaifina Mai Rubutun Alluna a Shagamu

 

Yau ina so ne in ba ku tarihin mahaifina, Allah Ya jiƙansa, wanda ya shafe fiye da shekara arba'in yana sana'ar rubutun alluna a garin Shagamu ta Jihar Ogun. Shi dai ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, bai kuma taɓa riƙe wata sarauta a unguwa ba. Amma duk wanda ya zauna a Sabo ta Shagamu a wancan zamani ya karanta rubutun hannunsa ko da bai san fuskarsa ba, domin kuwa shi ya rubuta allon mai shayi da na tela da na kemis, da na makarantar Islamiyya, da rubutun da ke jikin manyan motocin goro. Abin da ya sa na ga ya kamata in kawo labarinsa shi ne, akwai wata magana da suka yi saɓani a kanta shi da nasa mahaifin, kuma har gobe maganar nan ba ta mutu a tsakaninmu ba. Wato shin mu baƙi ne a inda muke zaune, ko kuwa 'yan gari ne?

Bari in fara daga kakana, wanda duk gidan muke kira Malam. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kano, kuma goro ne ya kawo shi. Kamar yadda manya suka sani, a da can fatakenmu Gwanja suke zuwa sarin goro, su yi wata da watanni a hanya da jakuna kafin su kai Salaga su juyo. To bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911, manoman ƙasar Yarbawa kuma suka dage da dashen goro, sai harkar ta juyo wuraren Agege da Ifo da Shagamu. Malam ya zo ne yana saurayi, a matsayin yaron wani maigida. Aikinsa shi ne tsince goro, ya ware marsa gefe, ya ware mai tabo gefe, ya ƙirga ƙwarya-ƙwarya, sannan a shimfiɗa ganye a ɗaure huhu. Da yake ya yi karatun allo kafin ya baro gida, shi ne ake ba shi tawada ya rubuta sunan mai kaya da garin da za a sauke a jikin kowane huhu da ajami, don kada kayan wani su ɓace cikin na wani.

Da Malam ya zo, cewa ya yi kaka biyu zai yi ya tara kuɗin aure ya koma. Kaka biyun nan ita ce ta zama shekaru kusan hamsin. Ya tashi daga yaro ya zama dillali, daga dillali ya zama maigida mai saukar da baƙi, amma bai taɓa yarda a ce ya zauna ba. Akwai wata jakar fata da take rataye a bayan ƙofarsa, kullum da riga biyu da hula a ciki. Duk kuɗin da ya samu sai ya aika gida a ƙara ɗaki a wani gida da yake ginawa a ƙauyensu, alhali nan inda yake kwana rufin kwanon yana yoyo. In aka ce masa Malam a gyara mana, sai ya ce ai ana gab da tafiya.

Matar da ya aura kuwa ba daga gida aka kawo masa ita ba. Kakata, wadda muke kira Iya, Bayarabiya ce Musulma 'yar unguwar Makun, tana cikin matan da suke ɓare goro su wanke su kawo wa Hausawa Sabo. A wajen ciniki suka saba, kuma an ce sai da aka kai ruwa rana kafin danginta su yarda su ba Gambari 'yarsu. Babana shi ne ɗansu na fari. Ya tashi yana jin Hausa a zaure, yana jin Yarbanci a tsakar gida.

A shekarar 1955 gwamnatin Jihar Yamma ƙarƙashin Obafemi Awolowo, wanda shi ma ɗan ƙasar Remo ne daga Ikenne nan kusa da mu, ta fara ilimin firamare kyauta. Iya ta ga 'ya'yan 'yan uwanta duk sun sa yunifom, ta ce nata ma sai ya shiga. Malam ya ce atafau, yaron da za a koma da shi gida me zai yi da bokon Yarbawa? Daga ƙarshe dai aka yi sulhu, Baba ya riƙa zuwa boko da safe, da yamma da dare kuma yana gaban allo. Bai wuce firamare ba, amma abin da ya samu ya ishe shi, domin ya fito hannunsa yana tafiya ta ko'ina, ya iya farowa daga dama ya iya farowa daga hagu, abin da ba kowa ke da shi a garin ba a lokacin.

Da farko ya gaji aikin Malam ne na rubutu a jikin huhu. Daga nan direbobin da ke lodi suka ga hannunsa yana da kyau, suka fara cewa ya rubuta musu suna a ƙofar mota. Da Iya ta ga haka sai ta kama hannunsa ta kai shi wajen wani ɗan uwanta mai shagon fenti a cikin gari, aka ɗaura masa koyon sana'a irin ta Yarbawa, wadda ake yanka shekaru, in ka gama a yi maka bikin 'yanci a ba ka takarda. A can ya koyi dama fenti da kananzir, da goge kwano da yashi kafin a shafa, da yanka harufa a jikin kwali, da yadda ake shafa wa zare alli a ja shi a sake ya bar layi miƙaƙƙe a jikin allo.

Ranar da ya buɗe nasa shagon a Sabo, abu na farko da ya yi niyya shi ne ya rubuta wa mahaifinsa allo, a kafa a ƙofar zauren da ake saukar baƙin goro. Ya sayi falanki mai kyau, ya yi masa farin fenti, ya rubuta sunan Malam da ajami a sama da boko a ƙasa. Da ya kawo, Malam ya dube shi ya ce, "Mai da abinka. Baƙo ba ya kafa allo. Wanda ya kafa allo ya ce ba zai tafi ba ke nan." Baba ya ce mini bai ce uffan ba, ya ɗauki allon ya koma da shi shago, ya juya bayansa ya rubuta nasa sunan, ya kafa. Wato shekara da shekaru allon shagonmu gaba sunan Baba ne, baya kuma sunan Malam yana kallon bango.

In kana so ka ji tarihin ƙasar nan a taƙaice, to ka tambayi mai rubutun allo, domin duk abin da gwamnati ta canza a kansa yake ƙarewa. A watan Afrilu na 1972 aka canza hannun tuƙi daga hagu zuwa dama, sai ga direbobi sun yi layi a ƙofar shago kowa yana so a rubuta masa gargaɗi a bayan mota. A farkon 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kobo, fam ɗaya ta zama naira biyu, sule ya zama kobo goma, duk mai abinci da mai aski da ya rubuta farashi a bango sai da ya sake. A 1976 Janar Murtala ya ƙirƙiro sababbin jihohi, muka wayi gari a Jihar Ogun, duk allon makaranta da ke ɗauke da sunan Jihar Yamma ya zama tsohon yayi. A 1978 aka buɗe babbar hanyar Legas zuwa Ibadan, manyan motoci suka ƙaru, masu abinci da masu faci suka cika bakin titi, kowa yana neman allo. Baba yakan ce da kuɗin canjin hannu ya yi aure, da kuɗin naira da kobo ya yi sunana, da kuɗin sabuwar jiha ya sayi fili.

Maganar filin nan ita ce saɓani na biyu tsakaninsa da Malam. Malam ya so a aika kuɗin gida a ƙarasa gini, Baba ya ce shi a nan aka haife shi, a nan zai aza bulo. Sun yi wajen wata uku gaisuwa kawai ke haɗa su. Malam ya rasu a Shagamu, a nan aka binne shi, jakar nan tana rataye inda take.

Lokacin siyasar 1979 ma an sha kallo. Gari duk na UPN ne, Sabo kuma ta rabu tsakanin masu gida da masara na NPN da masu mabuɗi na PRP. Baba ya yi wa kowa aiki, da sharaɗi guda, ba ya rubuta zagi, kuma kuɗi hannu kafin buroshi ya taɓa ƙyalle, don ya ce bashin ɗan siyasa sai a Lahira. Akwai kuma wani abu da ba ya yi, wato zanen mai rai. Mai aski in ya zo yana son a zana masa kawuna, ko direba yana son zaki a bayan mota, sai ya tura shi wajen wani abokinsa Bayarabe Kirista da suka yi koyon sana'a tare. Shi kuma abokin, duk alhajin Yarbawan da ya dawo daga Makka yana son a rubuta masa Larabci a goshin gida, sai ya turo shi wajen Baba. A haka suka zauna shekaru, babu takarda babu shaida, ba a taɓa jin kansu ba. A zaɓen 1993 da alamun jam'iyyun suka zama doki da mikiya, abokin ne ya riƙa zana dabbobin, Baba yana sa harufa, su raba kuɗin.

Tun ina firamare nake riƙe masa gwangwanin fenti, don haka na ga yadda yake aiki. Ba ya fara rubutu daga farkon layi. Sai ya ƙirga harufan duka har da guraben da ke tsakanin kalmomi, ya nemo na tsakiya, ya sa shi a tsakiyar allo da alli, sannan ya bazu hagu da dama. Yakan ce almajirin da ya faro daga gefe shi ne za ka ga harufansa na ƙarshe sun matsu kamar fasinjojin bolekaja. Yana kuma da tsanani a kan ɗigo da lanƙwasa. Yarbawa suna sa ɗigo a ƙarƙashin wasu harufansu, mu kuma muna lanƙwasa kan namu, shi kuwa ba ya barin ko ɗaya. Shi ya fara nuna mini cewa sunan garinmu a rubutun Yarbanci akwai ɗigo a ƙarƙashin harafin farko, kuma ɗigon nan ne ke sa a furta shi "sha". Da ɗigon ya faɗi a takardun gwamnati sai aka koma rubuta Sagamu, mu kuma bakinmu ya riƙe Shagamu yadda masu garin suke faɗa.

Abin da ya fi ɗauka da nauyi shi ne amana. Da yawa daga cikin masu kawo masa aiki ba sa karanta boko, ko me ya rubuta haka za su ɗauka su kafa. Saboda haka in ya gama ba ya karɓar cikon kuɗi sai mai allon ya je ya samo ɗan makaranta da kansa, wanda ba na gidanmu ba, ya karanta masa a gabansa. Akwai wani mai nama da ya so a rubuta masa Alhaji alhali bai je ba, Baba ya ce zai bar masa gurbi a gaban sunan, ranar da ya sauke farali ya zo a cike kyauta. Bayan shekara shida mutumin ya dawo da haƙorin Makka, Baba ya ɗauki tsani ya je ya cike.

To 'yan uwa, sai ga watan Yuli na 1999. Waɗanda suke Kudu a lokacin ba sa bukatar a tuna musu. Rikici ya tashi a Shagamu lokacin bikin Oro, wanda a al'adar masu garin mata ba sa fita da dare, a kan zancen wata mata da aka ce ta fita. Kafin a ankara an rasa rayuka da yawa daga kowane ɓangare, an ƙona gidaje da shaguna, bayan 'yan kwanaki kuma wutar ta tashi a Kano, ta ci Yarbawan da ba su ji ba ba su gani ba. Mu dangin Iya ne suka zo suka kwashe mu zuwa Makun, muka kwana huɗu a ɗakin wata gwaggon Baba, tana zaune a bakin ƙofa tana ce wa duk wanda ya leƙo 'ya'yanta ne a ciki. Muna can kuma aka dawo da wani jikanta daga Kano da rauni a ka.

Da ƙura ta lafa muka koma Sabo, sai Baba ya ga wani abu da ya daɗe yana damunsa. A shagunan da ke bakin iyaka da cikin gari, allon da ya rubuta shi ne ya nuna wa masu ɓarna shagon wane ne. Sunan da mutum ya biya kuɗi aka rubuta masa don a san shi, shi ya jawo masa. A makonnin da suka biyo baya motocin da suka saba ɗaukar goro mutane suke ɗauka zuwa Arewa, waɗanda suka rage kuma suka riƙa zuwa wajen Baba da wata bukata da bai taɓa ji ba, wato ya zo ya shafe musu suna. Haka ya riƙa yawo da bokitin farin fenti, ina biye da shi da tsani, yana shafe rubutun da ya yi da hannunsa. Bai karɓi ko kobo a kan wannan aiki ba. Ranar da ya gama, ya zo ya cire allon shagonsa ya jingine a ɗaki, ya ce, "Ashe Malam ya san abin da yake faɗa."

A wannan shekarar ne ya kwashe mu muka tafi ƙauyen Malam da niyyar zama. An karɓe mu hannu biyu, ba za mu manta alherin dangi ba. Amma gidan da Malam ya yi shekaru yana aika kuɗin gininsa mun tarar rabinsa ya zube, rabin kuma 'ya'yan ƙanensa suna ciki da iyalansu, kuma babu yadda za a yi ka ce wa mutum ya tashi daga ɗakin da aka haife shi. Yara suna dariyar Hausarmu, a kasuwa ana ce wa Baba Bayarabe, mutumin da ya shekara hamsin ana ce masa Gambari. Sana'a kuma babu, don ƙauyen kowa ya san shagon kowa, ba mai bukatar allo. Wata uku muka yi. Wata rana bayan sallar asuba ya ce wa mahaifiyarmu ta haɗa kaya.

Da muka dawo, ya tarar fentin da ya shafa hannu ɗaya ne, damina ta dake shi, tsofaffin harufan sun fara leƙowa ta ƙarƙashin farin, ana iya karanta sunan kowa daga tsallaken titi. Ya fito da allonsa ya mayar inda yake. Sannu a hankali mutane suka fara dawowa, masu shaguna suka riƙa kiransa ya bi kan tsohon rubutun ya sabunta. Wasu sun sake suna, sun sa irin sunan da ba ya nuna ƙabila. Wasu kuma sun ce a mayar yadda yake har da ajamin. Bai taɓa ba kowa shawara a kan wannan ba, abin da ka ce shi zai rubuta.

Kasuwarsa ta ƙarshe ita ce zuwan wayar salula a 2001, lokacin da kowane mai shago yake so a ƙara masa lamba a ƙasan allo, masu lemar buga waya kuma suka cika gari. Bayan wannan sai injin buga bana na kwamfuta ya shigo. Abin da Baba zai yi kwana uku yana yi, yaro zai buga maka shi cikin awa guda har da hotonka. Bai yi faɗa da zamani ba, iyaka in ya ga banar da aka rubuta Hausa babu lanƙwasa, ko Yarbanci babu ɗigo, sai ya girgiza kai. Aikin da ya rage masa shi ne na masallatai da makarantun allo da 'yan tsofaffin direbobi, har idonsa ya yi rauni ya ajiye buroshi. Ya rasu a gidan da ya gina, aka binne shi a maƙabarta ɗaya da Malam da Iya. Abokinsa mai zanen dabbobi, da sandarsa, yana cikin waɗanda suka zauna karɓar gaisuwa har kwana uku.

Ni yanzu ina da 'ya'ya, su ne tsatso na huɗu a garin nan. Lokacin da babban ya tashi neman makarantar gaba aka ce ya kawo takardar shaidar asali, a nan aka ce masa sunansa ba na nan ba ne, a can kuma aka ce ya kawo mai unguwar da ya san mahaifinsa. Sai da muka yi tafiya biyu da roƙon dattawa kafin a samu. Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan sun sha irin wannan, ko a Ibadan suke ko Onica ko Fatakwal.

Ban ga laifin Malam ba, domin abin da ya ji wa tsoro ya faru a gaban idonmu. Amma ni ra'ayin Baba na bi. Mutumin da aka binne kakansa da kakarsa da mahaifinsa a gari, in ya ci gaba da rataye jaka a bayan ƙofa, 'ya'yansa ne za su tashi ba su da nan ba su da can. Shawarata ga 'yan uwa ita ce mu yi takardun filayenmu, mu sa yaranmu makaranta su iya harshen masu gari ba tare da sun yar da nasu ba, mu yi rajistar zaɓe a inda muke kwana, mu riƙe maƙwabtanmu da kyau tun kafin ranar da za mu bukace su, sannan mu riƙa kai yara gida suna sanin dangi. Wanda kuma yake da tsoho a raye, ya zauna da shi ya rubuta sunan garinsu da na kakanninsa da abin da ya kawo su, ya ajiye wa na baya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya gafarta wa waɗanda suka rasu a fitinun da suka wuce, namu da na maƙwabtanmu, Ya zaunar da mu lafiya a inda muke.